Sunan da Ya Faɗa Takardar da Ba Tasa Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za a tattara mu. Mahaifina ya riga mu tafiya. An sa shi a makwancinsa ranar Talata da hantsi a nan Ƙaura, bayan jinyar da ba ta kai sati biyu ba.

Jama'a sun zo, kada in yi wa kowa ƙarya. Tabarmin maza sun kai har bakin kwalbati, cikin gida kuwa sai an tsallake ƙafafu ake wucewa. Daga Shinkafi an zo, daga Zurmi an zo, duk da yadda hanya ta zama. Amma ni da nake zaune kusa da Inna, ina da kunne. Mace za ta durƙusa ta ce "Allah shi jiƙan shi" da sauri-sauri, in ta zo kan "Allah shi yahe mai" sai ta ja shi, ta nanata, ta saci kallon ta kusa da ita. Wata tsohuwa daga dangin Inna har ta ƙara da cewa rahamar Allah ta fi ƙarfin kowane laifi. Laifin me? Ba wadda ta faɗa, don kowa ta san wanda ake nufi. Gwaggo, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ta zauna ɗan jim, ko ruwan gidan ba ta sha ba ta ce za ta kama mota.

Abin da gari ya sani shi ne, mahaifina ya sa sunan ƙaninsa, Baffa, a takardar masu kai wa ɓarayin daji labari, aka kama shi aka nakasa shi, wai don ya cinye fadamar gadonsu shi kaɗai. Da wannan sunan ya rayu shekara shida, da shi aka kai shi kabari. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma ni ce matar ɗan Baffa, auren zumunci, 'ya'yanmu huɗu. Na san ba haka aka yi ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan raina a ɓace, kuma ba zan ɓoye ɓacin ba.

Baba akawu ne, mai buga tafireta. Da ita ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, sannan ya buɗe ɗan shago kusa da tashar mota yana buga wa mutane takardu: wasiƙa, takardar koke, shaidar sayen gona. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, shi ne ba ya kallon abin da yake bugawa. Idonsa na kan rubutun hannun da aka ba shi, ko kan fuskar mai magana, yatsunsa na aiki su kaɗai. In ya gama sai ya zare takarda ya ninke ya miƙa, ba ya sake karantawa. Ka ce masa ya duba, ka jawo wa kanka. "Ni za ka koya ma aiki? Tun ba a haife ka ba nika bugu, ban taɓa goge harafi ba." Ƙarya ce, ya sha gogewa, amma kaɗan ne ƙwarai.

Yana da zafin kai, yana da rowar yabo. Ban taɓa jin ya ce min na kyauta ba, iyaka ya ce "to, ba laifi". Amma akwai abin da duk mai zama bakin shagon ya san shi da shi: ba ya buga takardar saki ranar da aka zo nemanta. Na taɓa gani da idona. Wani mutumin Jangeru ya shigo yana huci, hularsa a karkace, ya ce a buga masa yanzu-yanzu. Baba ya taɓa injin da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓin jariri, ya girgiza kai. "Ta yi zahi, Malam. Ka komo gobe." Mutumin ya ce ai yanzu ya ga an buga wa wani. Baba ya ce, "Shi na ya sa ta yi zahin." Mutumin ya fita yana zagi. Bai dawo ba, sai da damina ta wuce ya aiko da ƙwaryar nono.

Ni na raba shi da tafireta. Ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yammata, kuma ina jin kunyar a ce ubana na nan da injin da ke ƙara kamar ana sussuka. Na dame shi har ya yarda aka kawo masa kwamfuta ta tebur, da firinta. Ya koya da wuri, sai dai bugun nan na ƙarfi bai bari ba, kuma kallon allo bai koya ba. Da safe zai yaye tsohon zanen Inna da yake rufe ta da shi, ya goge ta da hankici, ya yi bisimilla, sannan su fara faɗa.

Faɗan nasu a kan abu ɗaya ne. Ga wanda bai saba ba: in ka buɗe takarda a kwamfuta, tana fitowa cikin wani akwati a fuskar allon, taga muke ce masa. Kana iya buɗe biyu ko uku su hau kan juna kamar an jera faifai. Amma guda ce kawai ke karɓar rubutu, wadda ka taɓa daga ƙarshe. Kuma duk wadda ka kama kanta da mawus, wato linzamin kwamfutar, ka ja, ko ita ce can ƙasa, sai ta haye saman sauran, abin da ka buga daga nan kuma cikinta zai faɗa. Wannan hali ya ƙona wa Baba rai tun ranar farko.

"Abin ga ba ya da ladabi," in ji shi. "Bisa tebur in na gusa takardar ƙasa, ƙasa taka zama. Wagga ko, ka taɓa ta kaɗan sai ta haye 'yar'uwarta. Wa ya ce mata da ita nika magana?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce haka aka yi ta, Baba. Ya ce wanda ya yi ta bai taɓa zama ofis ba. Ya ce in nemo yadda za a hana ta, ta riƙa zama inda aka ajiye ta. Na ce zan bincika. Sau uku yana tuna min, sau uku ina cewa zan bincika.

Rigimarsa da Baffa kuwa gaskiya ce, ba zan musa ba. Fadamar da kakanmu ya bari a ƙauyenmu na asali, can ƙasar Zurmi, ba a taɓa raba ta ba. Baffa ke nomawa, Baba na ganin ba a aiko masa da abin da ya kamata. Sun taɓa ɗaga murya a gidan suna har sai da aka shiga tsakani, Baba ya ce masa, "Za ka gani," a gaban mutane. Baba yakan faɗi haka ga kowa, har akuyar maƙwabta. Amma mutane sun ajiye wannan kalma, sun jira ranar amfaninta.

Ranar ta zo ana gab da shuka. Ɓarayin daji sun shiga ƙauyen sun ƙone rumbuna. Wakilin mai gari ya zo shago da takardu biyu na rubutun hannu. Ɗaya sunayen magidantan da aka ƙone wa hatsi, don a ba su iri. Ɗayar sunayen waɗanda dattawa ke zargi da kai wa mutanen daji labari da fetur, za a miƙa wa jami'ai. Baba ya buɗe taga biyu, girmansu ɗaya, layinsu ɗaya. Ya gama ta masu laifi, ya bar ta a ƙasa, bakinta kaɗan ya leƙo. Ya buɗe ta masu iri a samanta ya buga har ƙarshe. Sai ya ɗaga kai ya ce wa wakili, "Ina sunan ƙanena? Shi ba a ƙone mai rumbu ba?" Wakili ya ce an manta ne, don Baffa ya kwashe iyalinsa zuwa Zurmi kafin a rubuta. Baba ya ce, "Ba a manta ɗan'uwana gabana. Sai an sa shi." Wakili ya fara ja, suka fita bakin ƙofa suna musu.

A daidai nan na shigo, na taso daga makaranta. Tambayoyin jarrabawa na ajiye a kwamfutar, ina so in ɗauka, kuma tagogin sun rufe wurin da suke. Na kama bakin wadda ke leƙowa daga ƙasa na ja ta gefe. Ban ga abina ba. Na ji muryar Baba yana dawowa, na san ba ya son a taɓa masa aiki, sai na yi maza na maida tagar tsakiyar allon na tashi. Na maida ta wurinta, amma yanzu ita ce a sama, ta rufe 'yar'uwarta ruf. Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai ina koyar da wannan abu, ban ko waiwaya ba. Na ce, "Baba, sannu da aiki, sai na dawo." Ya ce, "To."

Ya zauna, idonsa na kan wakili, yana ci gaba da yi masa faɗa, yatsunsa suka buga sunan Baffa da na kakanmu. Janareta na ta tari, wakili ya ƙosa ya tafi, don bayan la'asar ba mai bin hanyar Zurmi. Baba ya fitar da takardun biyu, ya ninke, ya sa a ambulan. Mai gari da ajami ya iya karatu, ba da boko ba, ya buga hatimi a kan abin da aka miƙo masa.

Kwana tara aka zo aka tafi da Baffa daga kasuwa.

Wakili, Allah ya isa tsakanina da shi, da aka tambaye shi sai ya ce shi dai bai rubuta sunan Baffa a takardar masu laifi ba, Baba ne ya ce sai an ƙara suna. Kowace kalma gaskiya, amma ya bar rabin da zai wanke Baba, don kada a ce shi ya kai takarda bai karanta ba. Rubutun hannun kuwa aka ce ya ɓace. Kafin Juma'a magana ta gama Ƙaura, ta kai Shinkafi.

Ni sai da na buɗe takardun biyu a shago na gane. Sunan na nan a ƙarshen wadda ba tasa ba. Na sake jan tagar ƙasa a gaban Baba, ta haye, na ce, "Ka gani? Ni ce. Ranar nan da na shigo, ni na ja ta." Ya daɗe yana kallon allon, ina jin shi ne kallo mafi tsawo da ya taɓa yi masa. Sannan ya tashi ya tura ƙofar shago.

"Wa kika hwaɗa ma?"

"Ba kowa."

"Mijinki?"

"A'a."

"To ki ji. Ɗiya huɗu gare ki gidan can. Ran da ya ji hannunki na ya kai ubanshi inda shike, ko bai kore ki ba, ba ya ƙara cin tuwonki da daɗi. Ni na buga, ni ban duba ba. Iyakar magana ke nan."

Na ce Baba za su ce da gangan ka yi. Ya ce su ce. Na yi kuka na ce ba zan iya ba. Ya daka min tsawa irin wadda bai yi min ba tun ina yarinya, ya ce in na buɗe baki bai yafe ba. Zan iya cewa tsoron wannan kalma ne ya rufe min baki. Amma tunda na ce ba zan yi ƙarya a nan ba, har da daɗi na ji. Na ji an sauke min kaya, na bar tsoho ya ɗauka.

Ya ɗauka kuwa. Wata goma sha huɗu Baffa na tsare, Baba bai fasa zuwa Gusau ba, da takardar da ya buga da kansa cewa kuskuren mai bugu ne. Ana ce masa abin da hatimi ya hau baki ba ya sauke shi. Yana dawowa a ce munafunci ne. Ya ce ya bar fadamar har abada, ko zangarniya ɗaya ba ya so, aka ce kunya ce ta kama shi. A masallacin unguwa wanda ya saba tsayawa kusa da shi ya koma wani sahu. Masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa, don wa zai ba shi sunansa ya buga? Abokan hirarsa na bakin shago, waɗanda suka sha shayinsa shekara da shekaru, suka koma inuwar mai faci. Duk sun zo ta'aziyya. Na ji muryoyinsu ta katanga, suna ba da labarin yadda yake da barkwanci.

Bai rufe shagon ba. Kullum zai buɗe, ya yaye zanen, ya zauna. Abu guda ya canza: bai ƙara buɗe taga biyu a lokaci guda ba, kuma ko layi ɗaya ya buga sai ya bi shi da yatsa a kan allo, ya karanta a fili. Na taɓa tsayawa a ƙofa na ga yana yi wa wata tsohuwa haka, yana haɗa baƙi kamar ɗan aji ɗaya. Ban iya shiga ba.

Da aka sako Baffa, ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Gidanmu aka kawo shi, don maigidana ne babban ɗansa. Ni ke dama masa kunu, ni ke gasa masa gwiwa da ruwan zafi, ni ke wanke masa kaya. Yakan dube ni ya ce, "Ke kam ba ki gado shi ba, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka." In ce amin. Wani lokaci yana tsine wa Baba ina riƙe da kofinsa. Maigidana bai hana ni zuwa gida ba, amma bai ƙara taka ƙofar ba, yaran ma sai da salla. Baba ya taɓa zuwa duba ƙaninsa, sau ɗaya. Ya tsaya a zaure ya yi sallama uku. Baffa na ji ya ce kada wanda ya amsa. Ina tsakar gida, hannuna cikin ruwan wanki, ban amsa ba.

A jinyar Baba ta ƙarshe, wata rana da azahar Inna ta fita alwala, ya buɗe ido ya ce, "Kin riƙe?" Na ce na riƙe. Ya ce, "To, ba laifi." Bai ƙara tada maganar ba.

Baffa bai zo jana'iza ba, bai aiko ba. Maigidana ya zo ya tsaya a sahun baya, aka rufe ya tafi. Na zauna kwana bakwai ina jin ana roƙa wa ubana gafarar abin da ni na yi, har na ji in na ƙara jin "Allah shi yahe mai" sau ɗaya zan fasa ihu. Na ce a raina, ya ce bai yafe ba in na faɗa, to ya haɗa da wannan cikin abin da zan amsa a gabansa. Ranar bakwai da aka watse na koma gidana, na shiga ɗakin Baffa, na durƙusa. Na faɗa masa duka: takardu biyu, musun bakin ƙofa, cewa Baba iri yake nemar masa, da hannuna da ya ja tagar. Na ce in a ɗauke shi a kai shi shago zan nuna masa yadda abin ke hayewa.

Ya saurara har na gama. Sai ya yi murmushi, ya ɗora hannu a kaina.

"Kayya, ɗiyata. Haka ɗan halak ka yi, shi rufa ma uwaye asiri. Injin da ba ya da rai shi za ya zaɓi sunana cikin sunayen duniya? Tashi, bar wahal da kanki. Tunda kin kai ga yi ma kanki ƙazafi saboda shi, na yahe mai. Don ke, ba don shi ba."

Na rantse masa da Allah. Ya ce in bar rantsuwa, zunubi ne. Ya ce in kawo masa kununsa.

Na fito na tarar da maigidana tsaye a bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Shi ma'aikacin ofis ne, da kwamfuta yake wuni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da kika tashi, wacce kika bari a sama?"

Na ce, "Ta masu laifi."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce in koma wurin Inna in taya ta zaman takaba, zai neme ni.

Jiya aka yi sadakar arba'in. Gwaggo ta zo da albishir, tana gaya wa mata cewa Baffa ya yafe wa wansa, kowa na cewa kai, Baffa mutumin kirki ne, Allah ya ba shi lada. Na miƙe a tsakiyarsu na faɗi abin da na faɗa a nan. Suka ce baƙin ciki ne ya taɓa ni, wata ta kawo min ruwa. Mutum ɗaya ne a duniya ya yarda da ni, kuma har yau bai neme ni ba.

Ya Allah, Kai ba a ninke maka takarda a miƙa. Ka san hannun da ya ja, Ka san wanda ya yi shiru, Ka san abin da bawanKa yake nema wa ƙaninsa ranar nan. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba shi maƙwabtan da suka fi na Ƙaura. Ni ban roƙa masa yafiyar kowa ba, don ba wanda ya yi wa laifi.